Mu biyar za mu hau ƙanƙara karon farko: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na zo Ottawa karatu a watan Satumba, wannan ne hunturuna na farko a Kanada. Mu biyar ne ƙawaye, mun shirya zuwa wasan zamiya a mashigin Rideau da zarar an buɗe shi. Mu huɗu ba mu taɓa sa takalmin ƙanƙara ba. Ta biyar ɗinmu ta iya gudu da takalmin taya tun a gida, ta ce ita za ta riƙe mu. Ɗaya kuma tana da sikila. Ina son zuwa amma ina tsoron karaya. Wace shawara za ki ba mu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da zuwa, sannu kuma da sanyi. Na daɗe ina koyar da manya waɗanda ba su taɓa taka ƙanƙara ba, kuma da yawansu irinki ne, mutanen da suka tashi a ƙasar rana, ƙanƙarar da suka sani ita ce wadda ake sa wa zoɓo. Ina so ki je, kuma ina da yaƙinin za ki iya. Abu biyu kawai nake roƙon ku sauya a shirinku: kada ranarku ta farko ta zama a mashigin Rideau, kuma kada kowa ta riƙe kowa.

Bari in fara da mashigin, wato hanyar ruwan nan da ta ratsa birnin take daskarewa da hunturu, tunda shi ya ja hankalinku, kuma ya cancanta. An haƙa shi tsakanin 1826 da 1832, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2007, kuma tun hunturun 1971 ake share ƙanƙararsa don jama'a. Wurin da ake sharewa ya kai kilomita 7.8, daga tsakiyar gari har kusa da Jami'ar Carleton, shiga kuma kyauta. Da safe za ki ga ma'aikaci da jaka a goye yana zamiya zuwa ofis kamar mai tafiya a keke. Sai dai ƙanƙarar wurin sanyin Allah ne ya daskarar da ita, ba inji ba. Tana da tsaga, tana da tudu da kwari, wani wurin ma dusar ƙanƙara ta lulluɓe rami ba ki sani ba. In kika shiga tsakiya babu abin dafawa. Iska na bin mashigin ba abin da ke tare ta, a Janairu kuwa sanyin Ottawa yakan kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili. Ga shi ba ku san ranar buɗewa ba, domin hukumar da ke kula da wurin ba ta kafa koriyar tuta sai kaurin ƙanƙara ya kai santimita 30, wannan kuwa sai an jera kwana 10 zuwa 14 ana matsanancin sanyi. A hunturun 2023 ko kwana ɗaya ba a buɗe ba, karo na farko tun da aka soma. To me zai sa ku zauna jiran tuta, alhali kuna iya fara koyo a makon nan?

Ku nemi rufaffen filin ƙanƙara na unguwa, irin wanda ake wasan hoki a ciki, wato wasan da ake bugawa da sanduna a kan ƙanƙara. Kusan kowanne yana da sa'o'in da ya ware wa jama'a. Irin wannan fili tsawonsa kamar mita 61 ne, faɗinsa mita 26, da katanga kewaye da shi. Ƙasansa daɓen siminti ne da bututu masu zagaya ruwan sanyi, ƙanƙarar da ke kai kuma kaurinta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, don haka ki cire tsoron burmawa daga ranki. Ku zaɓi ranar aiki da hantsi idan jadawalin karatu ya bari, domin Asabar da Lahadi yara sukan cika wurin suna gilmawa ta ko'ina. Ku buga waya ku tambaya ko suna ba da hayar takalma, ba kowane fili ke bayarwa ba. Za ku ga wata mota tana shiga lokaci-lokaci tana kankare saman ƙanƙarar tana shimfiɗa ruwan ɗumi a bayanta. Zamboni ake ce mata, sunan mutumin da ya ƙera ta a Kalifoniya a 1949. In ta gama, fili yakan koma kamar madubi, santsi ya kai maƙura. Ku bari gwanaye su fara shiga su ɗan ƙuje shi na minti goma, sannan ku bi baya.

Rabin wahalar ranar farko daga takalmi take fitowa. Iri biyu za a miƙo miki. Akwai na 'yan hoki, ƙarfensa gajere ne, ya lanƙwasa gaba da baya. Akwai na masu zamiyar ado, ƙarfensa ya fi tsawo, ya fi shimfiɗuwa, ya zarce dunduniya kaɗan, yana kuma da haƙora a gaba kamar na zarto. Ni nakan zaɓa wa babban da ke farawa na biyun, saboda tsawon ƙarfen yana rage yawan tuntsurawa baya. Amma ki san haƙoran nan don tsalle aka yi su, ba don turawa ba. In kika dangwala su kina tafiya za su cake a ƙanƙara ki kifa ta fuska. Idan na hoki kaɗai aka samu, ki karɓa, dubban mutane da shi suka koya.

Kada ki ɗauki mai girma don ki samu wurin safa biyu. Safa ɗaya ta isa, mara kauri, mai tsawo ta wuce bakin takalmin. Sau da yawa lambar da za ta yi miki takan yi ƙasa da ta takalminki na kullum. Yatsunki su ɗan shafi gaban takalmin ba tare da sun nannaɗe ba, dunduniya kuma ta zauna daram, kada ta ɗaga in kin lanƙwasa gwiwa. Wajen ɗauri, ki sassauta ta wurin yatsu, ki ja sosai daidai inda ƙafa ta haɗu da ƙwauri, sannan ki ɗan sassauta a can sama don gwiwa ta samu damar zuwa gaba. Kada ki naɗa ragowar igiyar a idon sawu, kada kuma ki bar ta tana jan ƙasa. In kin gama ki miƙe a kan shimfiɗar roba. Idan kika ga ƙafafunki sun karkata ciki, idon sawu yana neman taɓa ɗan'uwansa, ki zauna ki sake ɗauri. Mutane da yawa sukan ce "ƙafata ba ta da ƙarfi", alhali igiya ce ba ta ɗauru ba. Ki juya takalmin ki goga farcenki a hankali a gicciyen ƙarfen. In ya kankaro ɗan farin gari daga farcen, akwai kaifi. In ya sulale kawai, ya dakushe, ki mayar a sauya miki ba tare da jin nauyi ba. Idan kuwa saye kuka yi, sabon takalmi yakan zo ba washi, sai an kai an wasa. Kuma kada ki taka siminti ko ƙarfe da shi, taku kaɗan sun isa su kashe kaifin.

Yanzu ki dubi ƙarfen da kyau, domin in kin gane shi kin gane wasan gaba ɗaya. Faɗinsa milimita 3 zuwa 4 ne kacal, kuma ƙasansa ba baki ɗaya ba ne kamar wuƙa. An rarake tsakiyarsa ya yi ɗan kwari daga gaba har baya, sai ya zama yana da kaifi biyu, na ciki da na waje. Saboda haka ƙarfen yana sulalewa gaba da baya ba wahala, amma ta gefe yana cizon ƙanƙara ya tsaya. Tafiyarmu ta yau da kullum kuwa ta dogara ne ga tura ƙasa ta baya da yatsun ƙafa. In kika yi haka a kan ƙanƙara, ƙafar za ta zame baya ta bar ki a wurin, shi ya sa kike ganin ɗan koyo yana ta gudu amma bai gusa ba. A nan ta gefe ake turawa, da kaifin ciki. Santsin kansa ma ba yadda aka daɗe ana faɗa ba ne, wai nauyin mutum ke narkar da ƙanƙara. Nauyin bai isa ba. Fatar ƙanƙara ta can sama tana da wani siririn rufi da bai gama daskarewa ba, gogar ƙarfe kuma tana ƙara masa ɗumi. Ta fi santsi a wajen digiri 7 ƙasa da sifili. In sanyi ya tsananta sosai sai ta yi gautsi ta riƙa jan ƙafa, abin da za ku ji da kanku ranar da kuka je mashigin.

Ga maganar da nake so ki riƙe fiye da kowace: abin da ke kayar da ɗan koyo ba santsi ba ne, miƙewa ce. Da mutum ya ji ƙafarsa ta motsa ba da izininsa ba, sai tsoro ya sa ya sandare, gwiwa ta miƙe, ƙirji ya ja baya, hannu ya tashi sama yana neman abin kamawa. A wannan lokacin nauyinsa ya koma dunduniya, ƙarfe ya harba gaba, shi kuma ya tafi da baya, ƙeya ce za ta fara isa ƙasa. Babu faɗuwar da nake tsoro kamar wannan. Maganinta kuma ɗaya ne, lanƙwasa gwiwa. Ki yi kamar za ki zauna a kujera aka ce ki dakata a rabin hanya. Ki leƙa ƙasa sau ɗaya: in kina hango yatsun takalminki, ba ki lanƙwasa ba tukuna, sai gwiwa ta rufe su. Ki ji ƙwaurinki yana danna harshen takalmin. Amma fa lanƙwasa gwiwa daban, sunkuyo daban. Kada ki karya ƙugu kamar mai shara da gajeriyar tsintsiya. Bayanki a miƙe, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, hannuwa a gabanki daidai cibiya kamar kin ɗora su a kan tebur.

Kin san yadda yarinya ke dawowa daga rijiya da tulu a ka. Ba ta kallon ƙafarta. Idonta na can gaba, wuyanta a tsaye, duk gargadar hanya gwiwa da ƙugu ne ke shanye ta, ruwan ko motsi ba ya yi. To haka nake so ki tsaya a kan ƙanƙara. Kai yana da nauyi, duk inda kika kai shi jiki zai bi. In kina kallon ƙasa, ƙasa za ki. Ki zaɓi wani rubutu a jikin katangar da ke gabanki ki kafa masa ido. Duk sanda kika ji kina tangaɗi, kada ki ɗaga hannu, ki sauke tafukanki a kan gwiwoyinki ki ƙara duƙawa. Sau da yawa wannan kaɗai zai dawo da ke daidai, in ma bai dawo da ke ba, kin riga kin kusa ƙasa, faɗuwar ba za ta yi zafi ba.

Faɗuwa kuwa za ki faɗi, kowa yana faɗuwa, har masu koyarwa. Shi ya sa ba na barin ɗalibi ya yi taku ɗaya sai ya koyi faɗuwa da tashi, kuma mukan fara ne a kan roba kafin mu shiga. Ki tsuguna iya iyawarki, ki karkata gefe guda, ki bar cinya da kwatangwalo su karɓi ƙasa, haɓarki a manne da ƙirji. Abin da ba a so shi ne ki miƙa hannu a sandare ki tare ƙasa da tafi. Yawancin karayar da kike tsoro daga nan take zuwa, a wuyan hannu. Da kin faɗi, ki janye yatsunki ki dunƙule su, domin masu wucewa wuƙaƙe ne a ƙafarsu. Saboda wannan ma safar hannu wajibi ce ko da ba kya jin sanyi.

Wajen tashi, ki juya ki durƙusa a kan gwiwa biyu da hannu biyu kamar mai rarrafe. Ki ɗaga ƙafa ɗaya ki kafa ƙarfenta a shimfiɗe tsakanin hannuwanki. Ki ɗora hannu biyu a kan wannan gwiwar, ki danna, ki janyo ɗaya ƙafar kusa da ita, ki tashi a hankali, gwiwa na nan a lanƙwashe. Ki yi haka sau uku da gangan a bakin katanga. Na sha ganin yadda fuskar mutum ke sakewa bayan tashi na uku. Da ya gane cewa zai iya miƙewa ba tare da kowa ba, sai kafaɗunsa su sauka, daga nan koyo yake farawa.

Shiga fili a gicciye ake yi, hannu a katanga, ƙafa ɗaya sannan ɗaya. Ki yi zagaye guda kina dafe da hannu ɗaya, dafawa kawai ba rataya ba. Bayan nan ki matsa taku biyu daga katangar. Na san da wuya, amma mai rungume katanga jikinsa a karkace yake, ba zai taɓa jin inda tsakiyar nauyinsa take ba. Ki ɗan buɗe yatsun ƙafa waje, dunduniyoyi kusa da juna, ki riƙa ɗaga ƙafa kina ajiyewa, ƙananan taku irin na agwagwa, ƙarfe yana sauka gaba ɗayansa. Bayan taku biyar ko shida ki jera ƙafafun ki daina komai. Za ki ji kina tafiya da kanki, wata tafiya shiru mai laushi da ba ta kama da komai da kika sani. Mita ɗaya ce ko biyu, amma ita ce zamiyarki ta farko. Ki maimaita har ki daina riƙe numfashi.

In wannan ya zauna, ki gwada wani abu da zai koya miki kaifin ciki. Ki haɗa dunduniyoyi, ki duƙa, ki bar ƙafafun su buɗe su yi gaba, sannan ki juyo yatsu ciki ki janyo su su haɗu. Sawun da za ki bari a ƙanƙara zai yi siffar gwanda. Daga nan turawa ta gaskiya ba ta da nisa: nauyi a kan ƙafa ɗaya, ɗayar ta tura gefe da ɗan baya, ta dawo kusa da 'yar'uwarta, sai su yi musaya. Kamar keke ne, ɗan gudu kaɗan ya fi sauƙin daidaitawa a kan tafiyar hawainiya.

Kada ki bar filin ba ki taɓa koyon tsayawa ba, katanga ba birki ba ce. Ki riƙe katangar da hannu biyu, ki tura ƙafa ɗaya gefe tana kankarar saman ƙanƙara, kamar yadda ake kankare ƙanzo a gindin tukunya, har ki ga farin gari ya taru a gefen ƙarfen. In ƙafar ta cije ta ƙi tafiya, kin karkatar da ita da yawa, ki ɗan shimfiɗa ta. Da kin saba da wannan, ki yi shi kina tafiya a hankali: gwiwa a lanƙwashe, yatsu su ɗan kalli juna, dunduniyoyi su buɗe waje, ki danna. Ƙarar kankarar da za ki ji ita ce alamar kin yi daidai.

Sai zancen ƙawaye, wanda shi ne ya fi damuna a tambayarki. Zuwa tare alheri ne, ni ma ba na son mutum ya fara shi kaɗai. Amma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mai faɗuwa ba ta zaɓar abin da za ta cafka, hijabinki ne ko wuyanki. Na taɓa ganin 'yan mata uku sun shigo riƙe da hannun juna suna dariya, gwanin sha'awa. Ta tsakiya ta zame baya, ta janyo biyun. Ta hagu ba ta da hannun da za ta kare kanta, ta dama kuma ta sauka a kan hannun ta tsakiya. Kafin minti biyar da shigarsu muna ɗaure wa ta tsakiyar wuyan hannu ana neman motar asibiti. Har yau in na tuna yadda take ba ƙawayenta haƙuri tana kuka, wai ta ɓata musu rana, sai raina ya sosu, domin babu laifin kowa a cikinsu, ba wanda ya gaya musu ne kawai.

Ƙawarku mai takalmin taya za ta riga ku iyawa, babu shakka, don ta san daidaita jiki da turawa ta gefe. Amma a kan ƙanƙara ita ma baƙuwa ce. Birkin da ta saba da shi babu shi a nan, kuma taya ba ta da kaifi biyu. Ki gaya mata cikin daɗin rai cewa taimakon da kuke so daga gare ta shi ne ta tsaya a gabanku ta riƙa tuna muku gwiwa da kallon gaba. Ku kasu biyu-biyu, tsakanin kowace da abokiyarta a bar tazarar da hannu ba zai kai ba. In ɗaya ta faɗi, ɗayar ta tsaya ta bayanta, ta ɓangaren da mutane ke tahowa, don su gan ta su kauce, amma kada ta ja ta. Ta bar ta ta tashi yadda ta koya. Wasu filayen suna da wani abin turawa mai kama da kujera, ba laifi a yi amfani da shi na minti goma, sai dai yana koya wa mutum sunkuyo, kada a shaƙu da shi. Jama'a sukan zagaya ta fuska ɗaya, yawanci tsakiyar fili na hagunki, irin zagayen ɗawafi, ku bi yadda kuka ga ana yi. Hoto kuma a ɗauka daga bayan katanga. Waya a hannu tana cinye ido da hannu, su ne kuwa kike buƙata.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. A cikin ku biyar, wata za ta saki katanga cikin minti goma, wata kuma har a tashi tana nan a bakinta. Wannan ba ya nuna wadda za ta fi iyawa nan da wata guda, na ga haka sau da dama. Kada ku bar ta ita kaɗai ku yi tsakiya, kada kuma ku dame ta da "ke dai taho mana". Ku riƙa zagayowa kuna tsayawa kusa da ita.

Game da sutura, hular kwano ita ce ta farko. Ki nemi irin ta 'yan hoki mai tambarin CSA, wato ƙungiyar da ke tantance ingancin kaya a Kanada, an yi ta ne don bugun ƙanƙara kuma tana rufe ƙeya. Kada ki ji kunyar cewa yara ne suka fi sa ta. Hijabi ba ya hana komai, ɗalibaina da yawa da shi suke yi. Ki sa ƙarami mai kama kai, wanda ba ya buƙatar allura ko fil, ki cusa ƙasansa cikin riga, ki kwantar da gashi kada ya yi tudu a ƙeya ya hana hular zama. Abaya da dogon siket da zani ku bar su a gida ranar nan, haƙoran takalmi na kama bakin tufa. Wando mai kauri da riga mai kai wa gwiwa sun suturta, sun kuma bar ƙafa ta yi aikinta. Ki sa kaya hawa-hawa maimakon ƙatuwar riga ɗaya, domin bayan minti ashirin za ki yi gumi. A tsakiyar Janairu rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, la'asar da magariba suna kusa da juna, ku lissafa da su. In kun yi alwala ku goge jiki ya bushe sarai kafin ku fita cikin sanyi.

Ƙawarku mai sikila kuma, a nan ba na sassauci. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da gajiya mai yawa, duka ukun suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma wannan wasa ya haɗa su. Ban ce ba za ta je ba, amma ta fara magana da likitanta kafin ranar. In ya yarda, rufaffen fili kawai, kaya masu ɗumi sosai har da hannu da ƙafa, ta sha ruwa kafin ta shiga da kuma tsakani ko ba ta jin ƙishi, ta yi minti goma zuwa sha biyar ta fito ta ɗumama. Gumi in ya jiƙa rigar ciki ta sauya nan take. Da ta ji ciwo ya fara motsi a ƙashi ko ƙirji, an tashi ke nan, ku duka, kada ta ji ita ce ta katse muku. Ciwon ƙirji, ko wahalar numfashi, ko zazzaɓi, asibiti kai tsaye. Zuwa mashigin a ranar tsananin sanyi kuwa ba na ba ta shawararsa. Mai asma ta riƙe abin shaƙarta a aljihu, don busasshiyar iska mai sanyi na tayar da ita. Mai juna biyu ta jira wani hunturun.

Minti 45 sun isa a ranar farko, da hutu a tsakani. Tafin ƙafa zai yi zafi, gobe cinyoyi za su yi tsami, duk wannan ba komai ba ne. Yawancin munanan faɗuwa a ƙarshe suke zuwa, sanda ƙafa ta gaji gwiwa ta fara miƙewa da kanta, don haka ku fita tun kuna marmari. Wadda ta bugu a kai ta daina a ranar ko ta ce lafiyarta ƙalau. In ciwon kai ya ƙaru, ko amai, ko jiri, ko rikicewar magana, ko barci mai nauyi da ba a saba ba, a kai ta asibiti, kada kuma a bar ta ta kwana ita kaɗai a ɗaki. In da hali ku yi rajistar darasi na manya ko da na makonni kaɗan ne. Hukumar birni tana shiryawa, ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin Skate Canada, uwar ƙungiyar masu zamiyar ado ta ƙasar, su ma suna da shirin CanSkate na masu farawa. Mai koyarwa zai hango miki kuskure cikin minti ɗaya wanda ke ba za ki gani ba a wata guda.

Wani gargaɗi da ban so ya wuce: kada ku taɓa hawa tafki ko kogi don kun ga ya daskare ko kun ga sawun mutane a kai. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada tana cewa sai kauri ya kai santimita 15 ga mutum ɗaya, santimita 20 ga taron mutane, kuma ido ba ya auna wannan. Ƙanƙara mai ruwan toka alamar akwai ruwa a cikinta ce, inda ruwa ke gudu a ƙasa kuma takan yi siriri ko da gefenta na da kauri. Mashigin ma in jar tuta ce a kafe, ba a shiga.

Bayan zuwa uku ko huɗu a rufaffen fili, ku gwada filin da ke gaban zauren majalisar birni. A waje yake amma inji ke daskarar da shi, kyauta ne, za ku saba da iska ba tare da gargada ba. Ranar da kowaccenku ta iya zagaya fili ba dafawa, ta iya tsayawa inda ta yi niyya, ta iya tashi da kanta, to ku duba ko koriyar tuta ta hau. Ku zaɓi rana mai sauƙin sanyi, da hasken rana. Ku rufe kunne da kumatu, ku riƙa duba fuskokin juna, domin a fatarmu wurin da sanyi ya fara ci ba ja yake yi ba, yakan yi fari-fari ko toka-toka ya mutu ba a ji. In kun ga haka ku shiga rumfar ɗumi, a ɗora tafin hannu a wurin, kada a murza. Ku saka takalmanku na tafiya a jakar goyo don duk inda kuka gaji ku cire ku hau sama. Ku fara da fuskantar iska don ta turo ku a dawowa, kuma kilomita ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, ta ishe ku a karon farko. Tsaga in kin hango ta, ki ƙetare ta a gicciye, kada ki bi tsawonta ƙarfe ya faɗa ciki. Ku tafi da shayi mai citta a fulas. Allah ya tsare, ya ba da sa'ar karatu, ki gaida min ƙawayen naki.